Guduma da Kujerun Gaba

Da kunne ɗaya Guduma ya shiga jami'a, na dama. Na hagun ubansa ne ya kashe masa tun yana ɗan yaro, a garejin gyaran jikin mota inda suke aiki, ranar da ya huda ƙofar motar wani da wutar walda. Tsohon ba mutumin dogon zance ba ne, hannunsa ne bakinsa. Mari ɗaya ya ɗauke shi da shi, da tafin da ya tsufa yana bugun ƙarfe. Yaron ya ji wani abu ya yi fas a cikin kansa, sai ga ruwa mai ɗumi yana gangaro masa a wuya. Uwarsa ta ɗiga masa mai, ta toshe da auduga, ta ce, "Yi shiru, zai warke." Ina! Bai warke ba. Uban kuwa har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa cewa yi haƙuri ba, sai dai in ya kira ɗan bai amsa ba ya jefe shi da sifana.

Abu biyu yaron ya koya daga wannan marin, kuma su suka bi shi har girma. In za a doke shi, sai ya ba da hagu, tunda ba sauran abin da za a lalata a can. In kuwa za a yi masa magana, sai ya karkato da kai ya miƙo dama. Ba ya ma sanin yana yi. Ko kaza ce ta yi kuka a bayansa, za ka ga wuyan ya juya da kansa.

Sunan Guduma kuma kada ka ɗauka don sana'a aka sa masa. Don dunƙulen hannunsa ne. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: ya tashi da ƙirar uban da zuciyar uban, ga kuma haushin mutanen da ke yi masa magana ƙasa-ƙasa sannan su yi dariya in ya ce "Na'am?" Wani direban babbar mota ya taɓa ce masa kurma a bainar jama'a. Kafin direban ya rufe baki Guduma ya rufe masa shi, haƙora a ƙasa, muƙamuƙi ya goce, mutumin ya daɗe ba ya iya tauna. Guduma ya kwana a hannun 'yan sanda, ya fito, bai daddara ba. Babbar matsalarsa ita ce in ya fara ba ya iya tsayawa. Idonsa ya rufe ke nan, sai an taru an danne shi kamar sa.

Wata mace ce ta gano inda birkinsa yake. Tana da ɗan shagon fotokwafi a bakin hanyar da ke zuwa babban ɗakin lacca na jami'a, ta zo garejin a yi mata ƙofar ƙarfe. Muryarta 'yar ƙarama ce, ga ƙarar injin yankan ƙarfe. Ta yi magana, ya ce, "Na'am?" Kowa a nan yake ɗaga murya ya daka masa tsawa kamar mai korar akuya. Ita kuwa sai ta dube shi, ta zagayo ta damansa, ta maimaita da muryarta yadda take. Wallahi daga ranar aka gama da Guduma. Ƙofar da ake gamawa a yini ɗaya sai da ya yi ta kai-komo a kanta, yau fenti, gobe makulli, jibi ya zo duba ko tana ƙara, har dai aka ɗaura aure.

Ba a daɗe ba wani maƙwabci ya zage ta a kan ruwan wanki. Guduma ya shaƙe shi ya haɗa da bango, idon mutumin ya firfito, maza suka kasa ɓamɓare hannun. Ta ajiye tsintsiya, ta zo daidai kunnensa na dama, ta ce, "Ya isa." Shi ke nan, hannun ya saki. Tun daga nan abokan aikinsa suke tsokanarsa, in sun hango ta tafe da kwanon abinci su ce, "Guduma, ga birkinka nan ya iso." Shi kuwa sai ya sunkuyar da kai yana murmushi, ƙaton banza.

Ita ce kuma ta jawo masa karatu, ba da niyya ba. Takardun da injinta ya ɓata takan kawo gida don hura wuta. Wata rana ya ɗauki ɗaya zai goge hannu, sai ya ga zane: layi biyu sun gitta juna, ɗaya ya gangaro, ɗaya ya hau. A ƙasa an yi bayani cewa wanda ya gangaro na masu saye ne, wanda ya hau na masu sayarwa, inda suka haɗu kuma nan farashi yake tsayawa. Ya zauna a kan kifaffen bokiti ya karanta har inda tawada ta cinye rubutun. Shi da ya tashi a inda ƙarfi ne ke raba gardama, sai ga wata duniya da abubuwa ke daidaita kansu ba wanda ya ɗaga hannu. Abin ya shiga ransa. Ya hana ta ƙona takardu, ya koma ya sake jarrabawar sakandare da gemunsa, ya faɗi, ya sake, har ya samu gurbi a sashen tsimi da tanadi. Ranar da sunansa ya fito sai da ya zubar da hawaye, ya ce wai hayaƙin walda ne. Da safe makaranta, da yamma gareji, rigarsa duk hudar tartsatsi, yaran ajinsu suna ce masa Baba.

To, a shekarar farko akwai kwas ɗin da ɗalibai ke kira Maikuro, ilimin yadda mai saye da mai sayarwa ke yanke shawara, kuma shi ne ƙofa: ba ka wuce shi ba, ba ka wuce ba. Sassa da yawa ne suke haɗuwa a ɗaki ɗaya, ɗakin kuwa ko rabinsu ba ya ɗauka. Lasifikar ta mutu tun tuni, wayarta na nan tana lilo a bango. Malamin wani dattijon Dakta ne siriri mai yawan tari. Ya iya koyarwa ƙwarai, amma muryarsa ba ta wuce layukan gaba. Na baya sai dai su kalli bakinsa su kwafi littafin na kusa.

Ka zo ka ga safiya a bakin ƙofar nan. Mutane cunkus tun kafin rana ta yi zafi, mai gadi ya zare sakata ya yi tsalle gefe don ya tsira da ransa. Gwiwar hannu a haƙarƙari, ƙafa a kan ƙafa, mayafi ya yage, tabarau ya faɗi an bi ta kansa. Guduma da idonsa ya ga an matse wata yarinya a jikin ƙarfen ƙofa har hannunta ya karye, tana ihu ana tsallake ta. Masu neman ilimi ke nan fa, 'ya'yan mutane! Kuma duk wannan wahalar a kan kujerun baya ake shan ta, don in ka shiga za ka tarar da kowace kujerar gaba da takalmi ƙafa ɗaya a kanta.

Takalman na wani ne da ake kira Mai Takalma, ɗalibin da ya daɗe a jami'ar har ba wanda ya tuna shekarar shigarsa. Yaransa kan shiga ta taga da sassafe da buhunan tsofaffin takalma, su bi kujeru suna ajiyewa. Kana son zama, ka biya, a ɗage maka takalmi. Jarrabawa ta matso, kuɗin ya hau. Shi kansa ba ƙato ba ne, ɗan tsamurmuri ne mai tsabta, kullum da farar riga, kuma bai taɓa ɗaga murya ba. A hankali yake magana kamar wanda ya zo ta'aziyya. A makon farko wani sabon ɗalibi mai tsautsayi ya ɗauki takalmi ya yi wurgi da shi ya zauna. Yaran suka ja shi gaban allo kafin Dakta ya iso, suka yi ta bugun bakinsa da dunduniyar takalmin har leɓe ya tsage, sannan suka sa ya ɗauko shi da haƙori, da rarrafe, ya mayar kan kujerar. Ɗaki cike da mutane, ba wanda ya tashi ya hana.

Guduma ya yi shekarar farko a baya, ya karkace wuya har ya ƙage, bai ji komai ba sai tarin Dakta. Da ya gaji ya je sayen kujera, sai Mai Takalma ya dubi yadda yake miƙo kunne, ya yi murmushi, ya ninka masa kuɗi.

"Yayana, wasu son gaba suke yi," in ji shi. "Kai kuwa dole ce ta kawo ka."

Wani yaronsa ya ƙyalƙyale da dariya. Guduma ya kai masa naushi ɗaya, yaron ya zube a kan kujeru. Aka kai Guduma gaban kwamitin ladabtarwa, suka ce wannan ce ta ƙarshe, ya sake taɓa wani ya tattara nasa ya nasa. Jarrabawa kuma ta zo ya faɗi Maikuro warwas. Dokar makarantar ba ta da wasa: wanda ya faɗi sau biyu, kora. Haka ya shiga shekara ta biyu da igiya biyu a wuya. Dole ya ci kwas ɗin, kuma dole ya riƙe hannunsa.

"Ka yi mini alkawari," in ji matarsa, tana zaune ta damansa kamar kullum. "Ko yawu suka tofa maka a fuska."

"Na yi."

"Ba da baki ba, Maigida. Bakinka na san shi, hannunka nake tsoro."

Ya ɗora hannuwan biyu a cinyarta, ya ce, "Ga su nan, ki riƙe."

Wata rana ya daure ya biya ninkin, ya zauna a gaba. Aka yi dace ranar Dakta yana bayani a kan mai sayarwa ɗaya tilo, wanda ya yi babakere a kasuwa. Ya ce irin wannan yana tsawwala wa mutane ne don ba su da wurin zuwa. Amma duk ranar da wani ya shigo da abin da zai maye gurbin kayansa, ko da bai kai nasa kyau ba, farashi zai sauko da kansa. Ya ja layi a allo, ya matsar da shi gefe, ya nuna inda sabuwar mahaɗar ta faɗo.

"Kun gani?" in ji Dakta. "Ba zagi, ba faɗa, ba ɗan sanda. Kasuwa ce za ta hukunta shi."

Guduma ya gyara zama. Ashe akwai hanyar da za ka kayar da mutum ba ka taɓa shi ba! Ya dubi filin da ke tsakanin layin farko da allo, siminti ne fetal ba kowa. Ya dubi hanyoyin da ke tsakanin kujeru. Sai ya gane mutane ba kujera suke saye ba, kusa da bakin Dakta suke saye.

Da yamma a gareji ya tattaro guntayen bututu, ya yanka uku daidai, ya haɗa su a tsakiya da noti yadda za su buɗe su rufe, ya ɗinka mazauni da tsohon bel ɗin kujerar mota. Ta fito 'yar kujera mai naɗewa, ka rataya a kafaɗa kamar laima. Washegari ya bar masu turereniya suka gama, ya shiga a natse, ya wuce takalma, ya buɗe abarsa a gaban allo ta gefen hagu, ya zauna kunnen dama na fuskantar Dakta. Dattijon ya dube shi ta saman tabarau, ya yi tari, ya ci gaba. Ranar Guduma ya ji komai. Komai! Har numfashin da Dakta ke ja kafin ya faɗi abu mai muhimmanci. Ya koma gida yana ta zuba, ya tsare matarsa da bayanin dalilin da ya sa kofin ruwa na farko ya fi na ƙarshe daraja a wurin mai ƙishirwa, har ta ce, "To, Dakta ƙarami, a bar ni in sauke tukunya."

Kafin mako ya zagayo an fara tare shi. "Baba, a ina ka saya?" "Baba, don Allah ka yi mini ɗaya." Ya yi, ya sayar da araha. Yarinyar nan da aka karya wa hannu kyauta ya ba ta. Gaban allo ya cika, hanyoyi suka cika, har kan matakala. Takalma suka zauna a kan kujeru su kaɗai ba mai tayawa. Mai Takalma ya rage kuɗi, ya sake ragewa, yaransa suka koma bin mutane suna roƙo kamar 'yan kamasho a tasha. Guduma har tafiyarsa ta canza.

Dakta ma, bawan Allah, ya ƙara wa wutar fetur bai sani ba. Ya shigo wata safiya ya ga layukan gaba wayam sai takalma, ga mutane jibge a gabansa a kan ƙarafa. Ya nuna da alli, ya ce, "Wa zai yi mana bayanin abin da ya faru da wannan kasuwar?" Ɗaki ya ɗauki dariya, har da tafi, har da masu buga tebur. Mai Takalma na tsaye a bakin ƙofa. Shi ma ya yi murmushi, ya kakkaɓe hannun farar rigarsa, ya fita.

Matar Guduma ce ba ta yi murna ba. Daga shagonta tana ganin mai shiga da mai fita, tana kuma ganin Mai Takalma tsaye a gindin bishiya yana bin masu kujeru a kafaɗa da kallo.

"Maigida, layukan nan naka ba su da ciki," ta ce. "Shi yana da ciki, yaransa ma suna da shi. Ka taɓa ganin an ƙwace wa kare ƙashi ya ce na gode?"

"Ni ban ƙwace masa komai ba. Kujerunsa na nan, takalmansa na nan. Kasuwa ce."

"Kasuwar ce za ta kwanta asibiti?"

Ya yi dariya. A takardun da ya karanta kaf babu shafin da aka ce wanda ya yi asara yakan ɗauko ƙarfe, shi kuwa ya yarda da takardun nan fiye da yadda ya yarda da idonsa. Mutumin da ya girma a hannun uba irin nasa, a ce shi ne zai manta da haka! Amma so ne, so kuwa hana ganin laifi.

Yaran Mai Takalma suka fara da masu sayen kujerun Guduma. Wani ɗalibi suka tare a bayan banɗaki, suka sa yatsunsa a tsakanin ƙafafun kujerarsa suka naɗe ta da ƙarfi, ya daɗe ba ya iya riƙe biro. Wata kuma suka fizge tata suka lanƙwasa a gabanta, Guduma ya miƙar da ita a gareji bai karɓi komai ba. Sannan wata safiya matarsa ta zo buɗe shago ta tarar an jefo dutse ta taga, gilashin injin ya tarwatse, ga takalmi ƙafa ɗaya an cillo kan teburinta. Da Guduma ya zo ya gani, jijiyoyin wuyansa suka miƙe, ya juya zai nufi ɗakin laccar. Ta yi wuf ta zagayo ta dama.

"Ya isa."

Ya tsaya yana huci. Ya kama ƙofar ƙarfen da shi ya ƙera da hannunsa, ya girgiza ta har siminti ya zubo. Amma bai je ba. Ya kai ƙara ofishin tsaro, aka ce ya kawo shaida. Ɗalibai kuwa ba su daina saye ba, don wanda ya ɗanɗana jin Dakta da kunnensa ba ya son komawa baya.

Ranar laccar bita ce, ta ƙarshe kafin jarrabawa, ranar da a da Mai Takalma yake cin kasuwarsa ta shekara. Ɗaki ya cika tun da hantsi, Dakta bai iso ba. Guduma na zaune a wurinsa sai ya ga mutane suna darewa. Mai Takalma ne da farar rigarsa, yaransa a bayansa. Guduma ya miƙe. Ya riga ya yanke shawara tun a gida: zai sha dukan, ya share jini, ya zauna ya ji lacca, ya rubuta jarrabawa. Duka ai ba baƙonsa ba ne. Ya mayar da hannuwansa baya, ya kama wuyan ɗaya da ɗaya, ya juya musu hagu.

Suka hau shi. Naushi a kunci, naushi a mataccen kunnen, ƙafa a haƙarƙari, wani ya zaro bel yana tsula masa ta wajen ƙarfen. Girarsa ta fashe, jini ya rufe masa ido ɗaya. Bai faɗi ba, bai saki hannu ba. A ransa yana ta maimaita bayanin Dakta don kada ya ji zagin da suke yi wa uwarsa. 'Yan mata na ihu, wasu maza sun hau kan kujeru suna kallo, wani ya ruga ya gaya wa mai fotokwafi ana kashe mijinta. Masu dukan suka fara haki, shi yana tsaye. Wallahi da a nan abin ya tsaya, da Guduma ya yi nasara.

Sai Mai Takalma ya ɗaga hannu, aka tsaya. Ya daɗe yana kallon mutumin nan, ya san abin da Guduma kansa bai sani ba game da wuyansa. Ya matso, ya saki fuska irin ta mai neman sulhu, ya ce wani abu a hankali, ƙasa da yadda ya saba, leɓɓansa kawai ke motsi. Guduma bai ji ba. Kuma bai yi tunani ba, ina lokacin tunani? Wuyan ya yi abin da ya saba yi tun yana yaro: ya karkata, ya miƙo dama.

"Na'am?"

Wani yaron Mai Takalma da ke tsaye a gefe da naɗaɗɗiyar kujera a hannu, ɗaya daga cikin waɗanda Guduma ya ƙera, ya ɗaga ta da hannu biyu ya sauke a kan kunnen.

Ya san wannan fas ɗin. Ya san ruwan ɗumin da ya biyo baya. Abin da bai sani ba shi ne shirun. Ɗaki maƙil da mutane, baki duk a buɗe, ya yi masa tsit kamar an tsoma kansa a ruwa. Ya hango Dakta a bakin ƙofa da takardu a hannu, bakinsa na motsi. Nan take ya gane ko a kan cinyar dattijon aka zaunar da shi yanzu, ba zai ƙara jin ko tarinsa ba. Hannuwan da ke baya suka saki juna.

Guduma ya fara cafke wanda ya buge shi, ya ɗaga shi sama ya maka da allo, allon ya tsage. Ya damƙo mai bel ɗin ya murɗe masa hannu har ya ɓalle a gwiwa. Sauran suka tsere ta taga, tagar da suka saba shigowa da buhuna. Mai Takalma ya juya zai bi su, 'yan kujerun da suka cika hanya suka harɗe shi ya kife. Guduma ya taka shi, ya birkito shi, ya sunkuci kujera. Ya sauke, ya ɗaga, ya sauke. Farar rigar ta rine. Maza suka rataya a kafaɗunsa ya watsar da su.

Matarsa ta kutso ta cikin mutane, ba mayafi, ba takalmi. Ta yi abin da ta sani: ta zagayo ta dama, ta kai bakinta kunnensa, cikin jinin, ta ce, "Ya isa." Kujerar ta sake sauka. Ta ɗaga murya, ita da ba a taɓa jin ta ɗaga ba, "Ya isa! Maigida, ya isa!" Na bayan ɗaki sun ji, masu wucewa a waje sun ji. Shi kaɗai ne bai ji ba. Da ta ga haka sai ta faɗa kan Mai Takalma ta rufe shi da jikinta, ta tare da hannu. Ƙarfen ya same ta a damtse. Sai a lokacin ya ga fuskarta a ƙasansa, ya ga bakin, ya gane kalmomin da ido. Kujerar ta suɓuce daga hannunsa ta faɗi a siminti, bai ji faɗuwarta ba.

Mai Takalma bai mutu ba, saura ƙiris. Ya daɗe a asibiti, ya fito da sanda. Guduma ya sake kwana a hannun 'yan sanda kafin a sasanta. Kwamiti ya zauna ya kore su duka. Dakta ya je da kansa ya yi bayani, ɗalibai suka ba da shaida cewa Guduma ya sha duka hannunsa a baya, amma aka ce doka doka ce, an riga an gargaɗe shi. A rubuce aka nuna masa hukuncin, tunda ba yadda za a gaya masa. Likita ya leƙa kunnen da 'yar fitila, ya girgiza kai. Wannan kam Guduma bai buƙaci a rubuta masa ba.

Takalma kuwa ba a sake ganinsu a kan kujeru ba. Wani ya gwada farfaɗo da sana'ar, ba wanda ya saya, don kowa na da tasa a kafaɗa. Wasu masu walda ma sun kwaikwayi ƙirar, farashinta ya ƙara sauka. Dakta bai yi ƙarya ba, komai ya tafi yadda ya zana. Sababbin ɗalibai suna zama a gaban allo hankali kwance, suna jin lacca tas, ba su ma san wanda ya fara ba. Abin da ke ƙona rai ke nan.

Guduma yana nan a gareji yana walda. Yanzu ya rage magana, in kuma ya yi magana sai ya yi ta da ƙarfi bai sani ba. Abokan aikinsa sun daina zancen birki. Da safe ɗalibai kan wuce ta gaban garejin da kujeru a kafaɗa, 'yan ajinsu na da su ɗaga masa hannu, ya ɗaga musu.

Da rana matarsa takan kawo abinci. Hannun ya warke amma ba ya miƙewa sosai, da ɗayan take riƙe kwano. Sun koyi magana da ido da yatsa, da rubutu a bayan ɓataccen fotokwafi. Amma sabo abu ne mai wuyar bari. Rannan ta iso da labari a bakinta, ta manta, ta ajiye kwanon, ta zagayo ta damansa. Shi ma ya manta, ya kashe wutar walda, ya ɗage gilashin fuska, ya karkato da kai. Sai duk suka tuna a lokaci ɗaya. Ta tsaya da baki a buɗe, idonta ya ciko. Shi kuma bai janye kan ba. Ta matso, ta ɗora leɓenta a kan kunnen, ta faɗi abin da ta zo faɗa, duka, har ƙarshe, da 'yar muryarta yadda take. Ɗumin numfashinta kawai ya ji.

"To," in ji shi, da ƙarfi, har na gefe suka waiwayo. "To, na ji."